Tambaya da Amsa: Shin Akwai Sauron da ke Hana Mutum Haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa. Tun faɗuwar damina wani saƙon murya ke yawo a wayoyi, wai Turawa sun saki sauron da aka sauya wa halitta, kuma duk wanda ya ciza ya gama haihuwa. Yanzu wasu magidanta sun hana a ba 'ya'yansu maganin rigakafin zazzaɓin damina, suna cewa duk kanwar ja ce. Hankalina a tashe yake. Me zan gaya musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sauron da aka sauya wa halitta yana nan, amma ba a sake shi a Najeriya ba. A watan Yulin 2019 shirin Target Malaria, mai bincike kan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, ya saki mazan sauro kimanin 6,400 marasa iya haihuwa a ƙauyen Bana na Burkina Faso, kuma gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin a Agustan 2025. A Jibuti, kamfanin Oxitec ya fara sakin nasa a 2024 domin yaƙar Anopheles stephensi, sauron birni mai yaɗa zazzaɓi da aka gano a Gombe a 2020. Ita kuwa dabarar nan mai tilasta wa kusan dukkan jikokin sauro su gaji ƙwayar halittar da aka dasa, wadda masana a Landan suka ƙarar da sauron keji da ita a 2018, har yanzu ba ta fita fili ba.

Batun hana mutum haihuwa shi ne ƙaryar da na gaji da ji. Kalmar "rashin haihuwa" kaɗai masu yaɗa saƙon suka tsinta, ba su tsaya tambayar wa ake nufi ba. Sauron ake nufi: namijin da aka sauya ya haɗu da macen daji, ta yi ƙwai, ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa. Kin kuma sani namijin sauro ba ya cizo, ruwan fure yake sha. Ko da wata macen sauro ta sulale wajen ware maza daga mata ta ciji mutum, yawunta ne ke shiga fata, kuma ƙwayar halittar sauro ba ta da hanyar da za ta bi ta sauya mahaifa ko maniyyi. Ki tambayi dattawan majalisa ko sun taɓa ganin wanda ya ci naman taure ya daina haihuwa, alhali shi ya cinye dabbar ne, ba yawunta kawai ya taɓa ba. Abin takaici, masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa har sun fara sayar da "makarin cizon sauron Turawa" a kwalba. Mun ga irin wannan a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda jita-jitar hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A daminar bara an kawo mini yaro ɗan shekara uku yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat, mahaifinsa ya ƙi karɓar maganin rigakafin zazzaɓin damina na wata-wata, gidan sauron da aka ba su kuwa an kewaye irin tattasai da shi.

Akwai tambayoyi na gaskiya, kamar abin da zai faru idan sauron ya tsallaka iyakar ƙasa, da kuma yadda za a nemi amincewar mutanen gari. A Najeriya, NBMA, hukumar da ke sa ido kan abubuwan da aka sauya wa halitta, ita ce doka ta ɗora wa ba da izinin sakin irin wannan sauro.

Ki fara da mai unguwa da limamin Juma'a, ki nuna musu kwalin maganin, ki bayyana cewa na yara ne daga wata 3 zuwa 59, kuma sauron da ke kashe su shi ne wanda ke ƙyanƙyashewa a fadamun shinkafa da kududdufan bayan gida.