Amsa ga ƙanwata da ta tambaya ko zaluncin da aka yi mata nufin Allah ne

Salama a gare ki ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya na kasa wucewa, kin ce ƙanen mijinki ya cinye gonar marayunki ana ce miki ki yi shiru nufin Allah ne, to in Allah ne ke iko da komai shin shi ya sa shi ya cuce ki, kuma ina laifin mutumin ke nan. Irin wannan ta taɓa cin raina har na kusa daina shiga majami'a.

Ni tawa a kan aya ce. Na tara kuɗin adashe da na akuyoyin da na sayar, na sari aya a kasuwar Cadawa lokacin kaka, na aje a mangaza har ta yi daraja, sai na ba mijin ƙawata ya kai min Dawanau tunda shi ya san hanya, Dan Isa, Jibiya, Katsina har Kano. Mutumin da muke cin Jibin Ubangiji tare fa, wanda yarana ke ce ma Baba. Sai aka yi juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, shi ke nan ya samu abin fakewa. Yau ya ce kaya sun maƙale, gobe ya ce ruwa ya ba su kashi sun ruɓe, ni kuma ina ta mishi sannu, har addu'a na sa Zumuntar Mata suka yi mishi don kar hawan jini ya kama shi. Ashe tun kafin a rufe iyakar ya sayar ya karɓe kuɗinsa tsaf, yaron motar ne ya faɗa ma ɗana a tasha bai san ɗana ba ne. Fili ya saya da su. Ina wucewa ta gaban filin nan in za ni kasuwa, har ya zagaye shi da bulo.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba kuɗin ba ne, ranar da aka zaunar da mu gaban dattawa ne. Ya shigo da farin yadi sabo fil, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce Maman yara ki yi haƙuri, ba abin da ke faruwa sai da yardar Ubangiji, har ya jawo Romawa 8:28 wai kome na aiki tare domin alheri. Da bakinsa fa! Wani dattijo kuma ya gyaɗa kai ya ce to kin ji, mu bar ma Allah. Na buɗe baki maganar ta ƙi fita, hawaye kawai, matarsa tana gefe tana danna waya ko kallona ba ta yi ba, matar da na kwana da ita asibiti lokacin haihuwarta. A watan ne kuma aka koro min yarinya daga lakwal saboda kuɗi. Daren nan na ce ma Allah in kai ka shirya wannan to kai da shi bakinku ɗaya, e na faɗa, kuma ban ga ya kashe ni ba, Ayuba da Habakuk ma sun faɗi masu zafi.

To ga abin da na gano, ba ni da takardar tauhidi amma na karanta labarin Yusufu har shafin ya yi baƙi. Farawa 50:20 da kowa ke jawowa, ku kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufa alheri, ki duba wa ya faɗe ta. Yusufu ne, wanda aka sayar. 'Yan'uwansa ba su taɓa zuwa suka ce ai Allah ne ya sa mu ba, su abin da suka faɗa a 42:21 shi ne lalle muna da alhakin ƙanenmu. Maganar ikon Allah ta'aziyya ce a bakin wanda aka cuta, ke ce za ki faɗe ta ranar da zuciyarki ta kai can, ƙanen mijinki ba shi da hurumin ɗaukarta ya rufe miki baki. Kuma ayar ba ta goge muguntar ba, nufi biyu ne a cikin aiki guda, nasu mugu, na Allah mai kyau. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma ko da suka zo sayen hatsi bai rungume su nan take ba, sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu ya ga ko sun sake hali. Don haka kar kowa ya matsa miki wai ki yafe yau yau ki koma kamar da.

Haka Yesu ya ce a kan Yahuza a Luka 22:22, Ɗan Mutum zai tafi yadda aka ƙaddara amma kaiton mutumin da ya bashe shi. Bitrus ma ranar Fentikos, Ayyukan Manzanni 2:23, ya ce bisa shirin Allah da rigyasaninsa aka ba da Yesu, a numfashi guda ya ce ku kuka kashe shi, kuma ya ce su tuba. In da ba su da zaɓi tuban me za su yi? Yaƙub 1:13 da 14 kuwa ya rufe ƙofar gaba ɗaya, Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, sha'awar mutum ce ke jan shi. Kwaɗayin gona ne ya ja ƙanen mijinki.

Yadda biyun ke haɗuwa, wato Allah na mulki mutum kuma na zaɓa da gaske, ni na bar shi a Maimaitawar Shari'a 29:29, asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana namu ne. Na ga samarin nan 'yan makarantar Baibul sun fara miki doguwar gardama a ƙarƙashin tambayarki, ta Kalbin da Arminiyus, malaman tauhidi biyu da koyarwarsu ta saɓa a kan ikon Allah da zaɓin mutum, ku yi a hankali da ita don Allah. Gardamar ta girme mu duka, tun Agustin na Hippo, can ƙasar Aljeriya ta yanzu, da Pelajiyus wanda taron Kartaj ya ƙi koyarwarsa a 418, aka sake zama a Dort ta ƙasar Holan 1618 zuwa 1619, masu wa'azin nan na Ingila Wesley da Whitefield suka saɓa a kanta amma da Whitefield ya rasu a 1770 Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi. Kuma a cikinsu duka ba wanda ya koyar cewa macuci ba shi da laifi.

Ke dai kar ki zauna. Bulus a cikin jirgin ruwa, Ayyukan Manzanni 27, Allah ya riga ya gaya mishi mutum 276 ba wanda zai mutu, amma da ma'aikatan jirgin suka so gudu ya ce in waɗannan ba su tsaya ba ba za ku tsira ba, ya kuma sa kowa ya ci abinci. Shi ne kuma ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar. Ki nemi takardun gonar in akwai, ki nemi tsofaffin da suka san iyakarta tun suna raye, ki fara yi mishi magana ku biyu, sannan da shaidu, sannan gaban dattawan ikilisiya yadda Matiyu 18 ta nuna, in sun kau da kai ki je wurin mai gari, in ta ƙi ki tafi gaban alƙali. Maƙwabciyata Hajiya ce ma ta fara ce min ke Maman yara, mu da muke ce ƙaddara ai muna kai ɓarawo kumsariya, tashi ki bi haƙƙinki.

Kuma ki ci abinci, na san ba shi kika tambaya ba amma ni a lokacin na rame har zane ba ya zama min, olsa ta kama ni. Kar ki bar yaran su ji kina zagin baffansu, ki bar su su yi wasa da 'ya'yansa. In ana waƙa a sujada kika kasa yi ki zauna kawai, ba zunubi ba ne.

Ni na samu kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ayata, shi ma sai da wani fasto daga waje ya sa baki ya karanta ma mijin ƙawar tawa labarin Zakka da ya ce zai mayar ninki huɗu, sauran har yau ana ta gobe. Ina gaishe shi in mun haɗu, amma ko kwanon aya ba zan ƙara ba shi riƙo ba. In za ki wurin mai garin kar ki tafi ke kaɗai, ki yi min magana ta gefe mu sa rana, ni na san irin tambayoyin da ake yi ma mace a wurin.