Rage jiragen masunta na dawo da kifi?

Tambaya: Kifi na raguwa a tafkin Gidimuni. Wasu sun ce a biya masunta diyya su ajiye kwale-kwalensu. Hakan zai yi magani? Daga wani masunci, Damagaram.

Amsa: Malam, rage jirage shi kaɗai ba ya isa. Tarayyar Turai ta daɗe tana biyan masunta su farfasa jiragensu, amma galibi masu tsofaffin jirage ne ke karɓar kuɗin. Waɗanda suka rage sai su ƙara inji da girman taru, kamun bai ragu yadda aka so ba. Inda ba a soke lasisi ba ma, wanda aka biya yakan dawo ruwa. A Kanada, da kod (wani kifin teku) ya kusa ƙarewa a ruwan yankin Newfoundland, sai da aka hana kamunsa a can a 1992.

A tafki irin naku, idon koma ya fi yawan kwale-kwale muhimmanci. Gidan sauro da wasu ke ja yana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa tun ba su yi ƙwai ba. Ku hana shi, ku rufe kamun kifi da damina lokacin hayayyafa, Sarkin Ruwa da ma'aikatan gandun daji su riƙe rajistar masu izini.