Abin da ya kashe maka ragar nan

Ɗana na saurari abin da ka turo. Ka ce ka ɗauko raga Bhairav, ɗaya daga cikin ragogin nan da Indiyawa ke gina waƙa a kai, wato tsarin sautukansu, ka ɗora mata gogen Turawa na kibod, sai ta fito kamar kiɗan fim ɗin Amurka, ƙamshin Indiya ko kaɗan babu, wai ina matsalar take. To wallahi hannunka na hagu ne, mai danna kod, wato sautuka da yawa a haɗe lokaci guda.

Kiɗan okestura matafiyi ne, daga wannan kod ya koma wancan, wani lokacin ma ya sauya gida gaba ɗaya. Ita kuwa raga gidanta ɗaya ne, Sa, sautin tushe, shi tanpura, molonsu mai dogon wuya, ke ta riƙewa zuuu a ƙasa tun farko har a tashi, kuma kowane sauti da shi kunne yake auna shi. Kai ko duk bugu huɗu ka canza kod, bas ɗinka ya bar Sa ya tafi yawo, to kunnen da me zai auna?

Sannan Re da Dha, sauti na biyu da na shida na Bhairav, ba a dira musu gaba gaɗi, lilo ake yi da su a hankali, andolan suke cewa, kibod kuma sauti 12 ne cif tsakaninsu babu komai, irin haka ne fa ya sa All India Radio, gidan rediyon gwamnatin Indiya, ya hana harmoniya, wani ɗan kibod mai zugazugi, daga 1940 har 1971. Gogen gaske wuyansa sumul yake kamar namu, yatsa zamewa yake. Tunda ba mu da shi, ƴar wilin nan mai lanƙwasa sauti ta gefen kibod da kake raina wa ita ce gatanka.

Ravi Shankar, makaɗin Indiya, da ya haɗa sitar, molonsu mai tsirkiya da yawa, da London Symphony Orchestra a 1971, André Previn na jan ragama, kashi huɗu ya yi kowanne da ragarsa, bai cakuɗa su ba, kuma yawanci amshi okesturar ke yi wa sitar. Wasu sun ce ya ɗaure Turawan da yawa, ni dai ina bayansa. Su takarda suke karantawa shi kuma ya saba ƙirƙira nan take, dole wani ya sassauta.

Ka goge kod ɗin nan duka, ka bar Sa da Pa, sauti na biyar, a ƙasa su yi ta ja, gogen su bi waƙar baki ɗaya. Gobe ka taho da shi sitidiyo bayan sallar asuba kafin a ɗauke wuta, dama Bhairav ragar asuba ce.