Na gaji da aikin ofis, amma na kasa motsawa

Tambaya: Shekarata 38, na yi shekara 11 ina aikin gwamnatin tarayya a Kaduna. Albashi ba ya kai ni tsakiyar wata. Ina so in koma sana'ar haɗa sola, amma kullum sai in ce sai gobe. A ina zan samo ƙwarin gwiwa?

Amsa: Malam, a iya zaman da na yi da masu son canja sana'a, ban taɓa ganin wanda ƙwarin gwiwa ya iske a kan kujera ba. Sai hannu ya taɓa aiki sannan zuciya take biyo baya. Kai kuwa ka haɗa ajiye aiki da jari da cefane da surutun dangi a ƙunshi ɗaya, dole ya gagare ka ɗauka.

Asabar mai zuwa ka je wurin wani mai haɗa sola a unguwarku, ka ce koyo ka zo. Za ka riƙe tsani, ka ciccibi batir, wataƙila ma yaron da ka girme wa da shekara goma ya aike ka sayo tef. Wani da zarar rana ta gasa shi a kan kwano sai ya gane ashe ba ofis ya tsana ba, ƙarancin albashin ne ya dame shi. Wanda kuwa ya koma gida a gajiye, ya kwanta yana juya yadda aka haɗa inbata da batir, to wannan ba sai an lallashe shi ba.

Kasuwa dai akwai, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareta ya zama sai wane da wane. Amma kada ka rubuta takardar ajiye aiki tukuna. Kundin tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa in ban da noma, saboda haka ka tsaya a koyo har ka yanke shawara. Sannan a dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, sai ya yi wata 4 babu wani aikin kafin ya ciri wani abu daga asusunsa, shi ma bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Da yawa da duka kuɗin suke lissafin jari, sai sun fita ido ya raina fata.

Ka shiga adashi, ka tara cefanen wata 6 a gefe. Uwargida kuma ta ji maganar daga bakinka yau da daddare, kada ta tsinta a bakin maƙwabta.