An kama ƙanena da wiwi a Aboabo, yana da beli?

Tambaya: Salamu alaikum, Lauya. Daren Juma'a 'yan sanda suka kama ƙanena a Aboabo, nan Kumasi, da ƙulli uku na wiwi a aljihu. Maƙwabta sun ce laifin ƙwaya ba shi da beli. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maƙwabtanki tsohon zance suke yi. A da sashe na 96(7) na dokar shari'ar laifuka ta 1960 ya hana beli a laifin ƙwaya, amma a watan Mayun 2016 Kotun Ƙoli ta soke shi, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar. Yanzu kowa na iya nema, sai dai wuƙa da nama na hannun alƙali.

Cikin awa 48 tilas a kai shi kotu ko a sake shi, kuma Asabar da Lahadi na cikin lissafin.

Ki fara duba takardar tuhuma, don nan gizo ke saƙa. A dokar ƙwayoyi ta 2020, wanda aka samu da abin don shansa tara ce a kansa, sidi 2,400 zuwa 6,000. In aka rubuta don sayarwa ne, maganar ta koma ɗaurin shekara 10 ko fiye, alƙali kuwa yakan ɗauka mai fuskantar wannan zai iya gudu. Ƙulli uku ba yawa ba ne, amma in an haɗa da sikeli ko tarin canji a jaka, 'yan sanda sukan karkata ga sayarwa.

Alƙali zai so ya san ko yaron yana da gida tsayayye da sana'a, da kuma su wa za su tsaya masa. A nan mutanenmu na zango suka fi tuntuɓe: a ba da beli da safe, yaro ya kwana biyu a tsare saboda mai tsayawa ya zo ba katin shaidar ɗan ƙasa na Gana, ko ba a gane gidan da ya kwatanta ba. In kotu ta ce a kawo shaidar dukiya, takardar fili ko gida mai sunan mai tsayawar ake nufi, ba ta gadon da ba a raba ba.

Kuɗin belin da aka ambata ba a hannu ake ƙirga wa kowa ba, alkawari ne a rubuce. Amma ki faɗa wa mai sa hannu gaskiya: yaro ya ƙi zuwa kotu, mai sa hannun za a bi kuɗin, ya kasa biya ana iya ɗaure shi har wata 6. In ƙaramar kotu ta hana, lauya ya nema a Babbar Kotu.