Kalkuletar riyal ashirin da sauran tambayoyinku

Tambaya: Malam, 'yata ta samu gurbi a Jami'ar Ummul Ƙura, an ce za su yi kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi. Na ga kalkuleta Casio fx-991 a wurin wani mai tebur a Shara Mansur, riyal 20. Abinci nake sayarwa, kuɗin ba su da yawa, amma ina tsoron in saya mata abin da zai kunyata ta. In ɗauka? Daga wata uwa a Makka.

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa karatun yarinya albarka, kuma tsoron nan naki yana kan hanya. Kada ki ɗauka. Sabuwar fx-991 ta asali ba ta zuwa a riyal 20, duk rantsuwar da mai tebur zai yi.

Na taɓa kai kaina. Na saya wa ƙanena irinta a wani shago, kwali fes, suna raɗau. Sati uku maɓallin 7 ya fara maƙalewa, sai ka danna sau biyu. Da muka kwance bayanta, baƙin gilashin nan na hasken rana ashe roba ce kawai aka liƙa, ko waya ɗaya babu a jikinta. To ki ƙaddara yarinya tana ɗakin jarrabawa, saura minti goma, ta danna 77 ya fito 7. Malamin da zai duba takarda ba ruwansa da mai tebur, jan biro zai sa.

Abin da ke ƙona min rai, mutanenmu za su kashe ɗaruruwan riyal a ɗinkin biki ɗaya, amma abin da yaro zai riƙe shekara huɗu a nan ake neman ragi. Ba da ke nake ba, Hajiya, na san zafin tukunya kika sha kafin ki tara. Araha dai ba ta ado. Ki je kantin littattafai irin su Jarir, ki karɓi rasit ki adana. Ki kula da duk wanda ya ce miki yana da fx-991EX sabuwa dal jibge a kwali: kamfanin ya maye gurbinta da fx-991CW, kuma jabun fx-991EX ɗin ya cika kasuwa. Wanda aka cuta ya kira Ma'aikatar Kasuwanci a lambar waya 1900.

Kafin ma ki fitar da kuɗi, ta tambayi malaminsu wace iri aka yarda a shiga da ita jarrabawa. Da yawa ba sa barin mai zana giraf.

Tambaya: Wace manhaja ce zan ɗauki hoton aikin gida ta ba ni amsa? Ko ta biya ce zan biya. Daga wani ɗalibi a Jidda.

Amsa: Akwai Photomath, kuma na tabbata ka san da ita kafin ka rubuto. Ranar jarrabawa wayar tana waje, kai kana ciki. Ka fara yi da hannunka, sannan ka duba inda ka kauce.

Tambaya: Ina koyar da 'yan shekarar farko lissafi a gida da yamma. In sayi TI-84, kalkuletar nan mai zana giraf, ko allon zamani? Daga wani malami a Madina.

Amsa: Malam, ko ɗaya. Ka sauke manhajar lissafi ta GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 2001, ko ka buɗe Desmos. Duka kyauta ne, kuma suna aiki a waya. Rubuta y = ax², ka bar ɗalibi ya ja ƙimar a da yatsansa daga 3 zuwa -3, ya ga zanen giraf ɗin mai siffar kwano ya baje sannan ya kife. Abin da kake shan wahalar zanawa sau biyar a allo, nan take zai zauna masa. In kuɗin na ƙaiƙayinka, sayi ƙaramin majigi ka haska a bango. Alli ko maka kuwa kada ka ajiye, don hujja sai an bi ta layi-layi.

Tambaya: An ce a karatunmu sai da MATLAB, manhajar lissafi ta kwamfuta. Wani ya ce zai sa min na sata a riyal 30. Daga wata ɗaliba a Riyad.

Amsa: 'Yata, ki riƙe talatin ɗinki, irin wannan shi ke shigo da cuta cikin kwamfuta. Ki fara tambaya a jami'arku ko suna da lasisin ɗalibai, da imel ɗin makaranta ake karɓa. In babu, GNU Octave kyauta ce, kuma yawancin umarnin da za ki rubuta a darasin farko iri ɗaya ne da na MATLAB.