Mun liƙa ƙa'idoji a bango amma ma'aikata ba su canza ba

Malam, ka ce kun rubuta "gaskiya, riƙon amana, haɗin kai" kun liƙa a ofis, wata shida ke nan ba abin da ya canza, kana tambayar inda aka kuskure.

Ma'aikata kai suke kallo. Marigayi Edgar Schein, tsohon malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna cewa ɗabi'ar ma'aikata tana ginuwa daga abin da shugaba yake sa wa ido, wanda yake ƙara wa girma, da yadda yake yi idan matsala ta taso. Kamfanin makamashi na Enron a Amurka ma ya sa gaskiya cikin ƙa'idojinsa, amma ya durƙushe a 2001 saboda almundahana a lissafi.

Na taɓa aiki inda akawu ya gano kuskurensa, ya kai wa manaja da kansa, aka ci masa mutunci a gaban kowa. Har yau abin yana damuna, domin tun daga ranar kowa ya koyi ɓoye kuskure. A Toyota kuwa, ma'aikaci na da ikon jan igiya a tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga matsala.

Ka rage ƙa'idojin zuwa biyu ko uku, ku zauna da ma'aikata ku mayar da kowace ƙa'ida aiki a zahiri. Misali, riƙon amana na nufin rasit ga kowane saye. Kada ka ɗaga wa ɗan uwa ko mai kawo ciniki ƙafa, nan ake yawan faɗuwa. Idan ta kai ga kora, ka fara tuntuɓar lauya masanin dokar ƙwadago.